Monitata ta 2560×1440 ta maƙale a 1920×1080, kebul ne ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi monita mai inci 27, a jikin kwalin an rubuta 2560×1440. Na jona ta da laftof ɗina ta HDMI, amma Windows ta ƙi ba ni sama da 1920×1080, rubutu kuma yana fitowa dishi-dishi. Laftof ɗin ta hannu ce, Core i5 zubi na uku. Mai shago ya ce in sayi kebul mai tsada. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, don da wuya kebul ne.

Dishi-dishin nan ga dalilinsa. Fuskar monitarka tana da ɗigogi 3,686,400 da ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, laftof kuwa tana turo mata hoto mai ɗigo 2,073,600. Dole monitar ta ja hoton ya cika fuska, kuma tunda lissafin bai faɗa daidai ba, sai gefen haruffa ya caɓe.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Danna maɓallin Windows tare da P. Idan ka tarar an zaɓi Duplicate, fuskokin biyu hoto ɗaya suke nunawa, ƙaramar ce kuma ke ja da babbar ƙasa. Zaɓi Extend ko Second screen only, sannan ka shiga Settings, System, Display, ka taɓa akwatin mai lamba 2 kafin ka duba jerin rezolushan, wato yawan ɗigogin hoto irin su 1920×1080. Mutane da yawa suna ta canza na lamba 1 ba su sani ba. Leƙa Device Manager ma, ƙarƙashin Display adapters. Idan Microsoft Basic Display Adapter ka gani, wanda ya yi wa na'urar fomat bai sa mata direban hoto ba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da injin hoton laftof, abin da ya zama ruwan dare a laftof ɗin hannu. Sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Amma ni inda na fi zargi shi ne kafar HDMI ɗin kanta. Core i5 zubi na uku ya fito ne a 2012, na laftof kuma yana tafe da injin hoto mai suna Intel HD Graphics 4000. Iyakar da Intel ta sa masa ta HDMI ita ce 1920×1200, shi ya sa monita mai faɗi irin taka ta tsaya a 1920×1080, wanda shi ne mafi girman da su biyun suka yi tarayya a kai. Ko kebul na zinariya ka sa, abin da kafar ta fitar shi zai isa. Abin mamakin, wannan injin hoton dai yana kai 2560×1600 ta DisplayPort.

Don haka juya laftof ɗin ka duba gefunanta da bayanta. Kafar DisplayPort ta yi kama da HDMI, sai dai kusurwa ɗaya kawai aka datse mata, ba biyu ba. HP EliteBook 8470p tana da babbar, Lenovo ThinkPad T430 kuma ƙaramar da ake kira Mini DisplayPort. In ka samu, sayi kebul mai DisplayPort kai da ƙafa (in ƙaramar kafa ce da kai, kansa ɗaya ya zama Mini DisplayPort), ka jona shi kai tsaye a kafar DisplayPort ta monitar, ka zaɓi wannan mashigar a maɓallan monitar. A nan ake yawan yin asara: mutum ya sayi ɗan adaftan nan mai araha da ke mai da DisplayPort ta koma HDMI. Irin wannan adafta ba ya sarrafa komai, laftof ɗin yake sa wa ta fitar da siginar HDMI, sai ka koma gidan jiya. VGA kuwa, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, manta da ita.

In babu DisplayPort ko kaɗan, laftof ɗin ofis na wancan zamani da yawa suna da kafar dok a ƙasansu, wato mazaunin da ake ɗora laftof a kai don samun ƙarin kafofi, kuma dok ɗin kan zo da DisplayPort. Akwai kuma adaftan USB 3.0 masu fasahar DisplayLink, wasunsu na kai 2560×1440; sun wadatar ga Word da Excel, amma ban ba mai gyaran bidiyo ko wasan gem shawararsu ba. Wasu kan ƙirƙiri rezolushan da hannu a manhajar Intel su rage saurin sabunta hoto zuwa 30Hz. Rubutu zai fito tas, amma kibiyar linzami za ta riƙa tafiya tana tsalle-tsalle, yini guda ya isa ka gaji da ita.

Ranar da 2560×1440 ya bayyana da kalmar Recommended a gefensa, za ka ga rubutu ya ƙanƙance. Kada ka rage rezolushan saboda haka. A wannan shafin na Display akwai Scale, ɗaga shi zuwa 125%, haruffa su girma ba tare da sun dushe ba.