Akwatin Kawu: ta Kano ko ta Yamai, ina arahar take?

Wasiƙun wanga wata kusan duka na masu shirin fita karatu ne da iyayensu, dama lokacinsu ne, sakamakon bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ya fito, kowa na neman inda zai sa kansa. Na ɗauko huɗu, sauran ku yi mani haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, Allah ya sa na samu gurbi a Azhar, biza ma ta fito. Baba ne zai biya jirgi kuma ba mai ƙarfi ba ne, ɗan tebur gare shi a babbar kasuwa. Wasu sun ce in tashi ta Kano, wasu sun ce ta Yamai. Sannan abokina ya gano mani tikiti a intanet da ya fi na ajans sauƙi da jika 70, amma jirgi biyu ne na kamfani daban-daban, kowane da tikitinsa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a karatun. Ɗauko takarda da biro, amma lissafinka ya fara daga ƙofar gidanku ya ƙare a ƙofar ɗakin da za ka kwana a Alƙahira, don kuɗin da ka gani a waya na zama cikin jirgi ne kawai, sauran duk suna laɓe suna jiranka a hanya.

Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita wajen 660 ne, ka bi Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, motar da ta tashi da asuba sai la'asar ko magariba take sauke ka in hanya ta yi kyau. Kuma kar ka kuskura ka tashi ranar da jirginka zai tashi. Ni da kaina na taɓa yin wannan gangancin, wata motar kamfani da ba zan kira suna ba ta mace mana tsakanin Ƙonni da Dutsi, muka wuni gindin bishiya muna cin rake, jirgi ya tafi abinsa, kuɗin canjin rana da na biya ya ninka abin da na so in tsimi na kwana ɗaya a Yamai. To ka rubuta kuɗin mota, kuɗin kaya, kwana ɗaya ko biyu in ba ka da ɗan'uwa can, abinci, da taksi zuwa filin jirgin Diori Hamani. Daga Yamai kuma galibi sai an ya da zango da kai a Adis Ababa ko Istanbul ko Kazablanka kafin Alƙahira, wato ka zagaya duniya kafin ka je inda za ka.

Ta Kano kuwa hanyar ba ta kai kilomita 300 ba, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano, kuma EgyptAir na tashi daga filin Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, awa huɗu da wani abu ka sauka. Ga mutumin Maraɗi mai zuwa Masar ni dai Kano nake fara dubawa. Da layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021 ya iso da zancen ma ya ƙare, amma har ya zo mota ce, kuma ka bi ta da rana tsaka, yankin Jibiya ba wurin tafiyar dare ba ne, kowa ya san dalili.

Ga inda 'yan garinmu suka fi faɗawa: mun saba tsallakawa Katsina kamar za mu Tibiri, ba fasfo ba komai, to wagga tafiya daban take. Ka tsaya a Ɗan Isa a buga maka hatimin fita, ka tsaya ɓangaren Najeriya a buga maka na shiga, ko direba zai yi ta danna maka oda yana cewa ana ɓata mishi lokaci. A filin jirgin Kano jami'in shige da fice zai buɗe fasfonka ya nemi ta ina ka shigo ƙasarsu, in babu hatimi ranar nan za ka sha magana, wataƙila har aljihu ya ji. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 ya ƙara zama dole mutum ya riƙe takardunsa cif-cif. Kuɗin tikiti kuma ka tambayi farashinsa da naira ka juya shi da canjin ranar, kar ka yi lissafi da canjin da wani ya gaya maka na watan jiya.

Sai maganar tikitin abokinka. Araha ba ta ado ɗana. In tikiti ɗaya ne ko da jirgi biyu za ka hau, kamfani ne ke ɗauke da nauyinka, su wuce maka da akwati, in na farko ya makara su sa ka a wani. In tikiti biyu ne daban, kana sauka a tsakiya kai da Allahnka, dole ka fita ka karɓi akwatinka ka sake aunawa, fita kuwa na nufin ka shiga ƙasar mutane, shiga kuwa sai da biza, wadda ba ka da ita. Wani lokaci ma tun nan za a hana ka hawa saboda haka. Istanbul filin jirgi biyu gare ta, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen yana ɓangaren Asiya, akwai masu sauka a ɗaya jirginsu na gaba yana ɗayan ba su sani ba sai sun isa. Kuma irin waɗannan tikitin sau da yawa babu kuɗin akwati a ciki, jakar hannu kawai. Cire kuɗin akwati daga jika 70 ɗin nan ka ga abin da ya rage, sannan ka tambayi kanka in jirgin farko ya makara da awa biyu wa zai saya maka sabon tikiti, Baba da teburinsa? Garin neman gira kar a rasa ido.

In kana son ragi na gaskiya, sayi da wuri, ka gwada ranaku daban-daban cikin sati don farashi na motsi, ka guji lokacin Umrar azumi da aikin Hajji da jiragen Kano ke cika. Kafin ka tashi ka nemi lambar ɗaliban Nijar da ke can, wani ya zo ya tarbe ka, don taksin filin jirgi da ya ga baƙo da akwati biyu yana waige-waige ya ga kasuwa.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗiyata ta samu bursin Turkiyya, an tura ta garin Konya. Na tanadi gero, kilishi, man shanu da daddawa zan haɗa mata, kuma babanta zai saya mata babbar waya. Maƙwabta ma sun fara kawo saƙo na 'yan'uwansu da ke can. Kuɗi nawa ya kamata ta riƙe? Uwa ce daga Bagalam.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, barka da arziki. Bursin gwamnatin Turkiyya na biyan jirgin zuwa na farko da na dawowa in an gama karatu, da wurin kwana, da inshorar lafiya, da ɗan kuɗin wata, har da shekara guda ta koyon yarensu. Zuwa gida hutu a tsakani kuwa aljihunku ne, ku san da wannan tun yanzu kafin kewa ta taso.

Gero ki bar shi a gida Hajiya. Akwatin jirgi galibi kilo 23 ne, ki duba tikitinta ki ga ɗaya aka ba ta ko biyu, abin da ya haura kuwa kuɗin da za a caje ku zai sayi buhu a nan. Ki haɗa mata marasa nauyi masu daɗewa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, busasshen zogale, daddawa a ƙulle leda uku cikin roba mai murfi in ba so kike duk kayan sawarta su koma miya ba. Kilishi da man shanu, ƙasashe da yawa ba su yarda fasinja ya shigo da nama ko kayan madara ba, ta ci kilishinta a hanyar Yamai da 'yan rakiya ya fi a zuba shi a kwandon duwan tana kallo. Konya gari ne mai sanyi na gaske, ƙanƙara na zuba, ki saya mata rigar sanyi ɗaya mai kauri a gwanjo ta sa a jikinta ta shiga jirgi, abin da ke jiki ba a auna shi, sauran ta saya can tun da ƙasar masaƙu ce.

Wayar kuma Alhaji ya dakata. A Turkiyya wayar da aka shigo da ita daga waje in aka sa mata layinsu kwana 120 take aiki, bayan nan su toshe ta sai an yi mata rajista, kuɗin rajistar kuwa ya isa ya sayi wata wayar. Ta tafi da tsohuwarta, kuɗin a riƙe.

Sefa ba ta da kasuwa a can, ku canza yuro, shi farashinsa a ɗaure yake, yuro ɗaya sefa kusan 656, ɗan abin da mai canji zai ɗora ne kawai bambanci. Ku nemi ƙananan takardu, ta raba biyu, wani a jiki wani a jakar hannu, ko sisi kar ya shiga akwatin da za a auna. Abin da zai riƙe ta wata ɗaya zuwa biyu kafin kuɗin bursi ya fara shigowa ya isa, kuma ta riƙa canzawa kaɗan-kaɗan don kuɗinsu lira yawan faɗuwa yake.

Saƙon maƙwabta shi ne abin da ya fi tsaya mani a rai cikin wasiƙarki. Duk ƙullin da ba a kwance shi gabanki kin ga cikinsa da idonki ba, kar ya shiga kayanta, ko na wa ne, ko aminiyarki ce ta shekara talatin. Magani musamman, ƙwaya ko gari, a'a. Abin da aka samu a akwatinta nata ne a idon hukuma, ba wanda zai saurari wai maƙwabciya ce ta ba ni. Ki ce kilo ya cika, ai ba ƙarya kika yi ba, zai cika ɗin.

Tambaya: Kawu ina shekara ta biyu a Fas, ƙasar Maroko, ɗan Sabon Gari ne ni. Hutu ya zo, kuɗin zuwa gida babu, zaman ɗaki ya ishe ni. Yaya zan ɗan zaga ƙasar da ɗan abin da ke hannuna?

Amsa: Kai ɗana, kana zaune a Fas kana cewa zaman ɗaki ya ishe ka? Mutanen garinmu tara kuɗi suke shekara da shekaru su je ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a nan garin a 1815, kai ƙafa za ta kai ka. Ga masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa tun 859. Fara da tsohon garin, kwana uku ba za ka gama lungunansa ba, kuma ba ruwanka da masu bin baƙo suna cewa za su nuna hanya.

In za ka fita, katin zamanka ko rasit ɗinsa ya kasance a aljihu tare da katin ɗalibi. Jirgin ƙasa na ONCF aji na biyu ya ishe ka, Meknes ba ta kai awa ɗaya ba, ka je ka dawo ka kwana a gadonka. Ka tambaya a wurin sayen tikiti katin ragi na ɗalibai da matasa, suna da shi, kuma tikitin da aka saya da kwanaki ya fi na ranar tafiya sauƙi, har Al Boraq mai gudun nan da aka buɗe a 2018 tsakanin Tanja da Kazablanka. Ifran inda ƙanƙara ke zuba babbar taksi ake shiga, mutum shida, ka biya kujerarka kaɗai ka jira ta cika kamar dai tashar Ɗan Isa, in ka nuna gaggawa direba zai sayar maka da motar duka. Shafshawan mai shuɗin bango jirgin ƙasa ba ya zuwa, sai bas irin na CTM.

Kwana shi ke cin kuɗi, to kusan duk garin da ke da jami'a akwai 'yan Nijar, ka yi magana tun kafin ka taso, ka sauka wurinsu, amma kar ka je hannu rabbana, ko kuka da yaji ka ƙulla masu, kuma kwana biyu ka ɗaga, ka san ɗakin ɗalibi. Abinci ka bi inda leburori da direbobi ke ci, kwanon miyarsu ta harira ko bisara da burodi ya riƙe ka wuni. Ku haɗu ku uku ko huɗu ya fi, komai a raba.

Tambaya: Malam katin rigakafin shawara na yarona ya shekara 11, wani ya ce ya mutu, zai yi mana sabo jika 5 ba sai an yi allura ba. Daga Tibiri.

Amsa: Alhaji riƙe jikarka biyar. Tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce allurar shawara ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, tsohon katin nan yana aiki muddin sunan da ke kai ya yi daidai da na fasfo kuma hatimin na karantuwa. Wanda bai taɓa yi ba ya je cibiyar da hukuma ta amince a yi mishi ta gaske, kuma ya yi da wuri, don katin sai bayan kwana 10 da allura yake fara aiki.