Amsa ga mai rage ƙiba: tufafi masu araha a Yamai

Ƴar'uwa, kin ce kina rage ƙiba, kayanki sun fara yi miki yawa, kuma ba ki son zuba kuɗi a ɗinkin da zai sake yi miki yawa nan da wata biyu.

Ki fara da telanki kafin kasuwa. Rigar atamfa ko shadda ana rage ta ta gefe, kuma kuɗin gyara bai kai na sabon ɗinki ba. Sai dai ki ce ya naɗe yadin ta ciki, kada ya yanke, don jiki yakan ɗan dawo. Zane kuwa ba ruwansa da awo, ɗauri ne kawai. Shi ya sa a irin wannan lokaci na fi son zane da doguwar riga fiye da siket mai zif. In siket ne, a sa masa roba.

Kayan yau da kullum, ki leƙa ƴan gwanjo a kasuwar Katako ko ta Wadata. Ki tafi da awon ƙirji da ƙugu, don lambobin Turai da na China ba ɗaya ba ne. Ki wanke, ki shanya a rana kafin ki sa.

Kada ki sayi ƙaramin kaya wai za ki shiga nan gaba. Biyu ko uku daidai jikinki na yau sun isa, turmi mai tsada ya jira nauyin ya tsaya.

In ramar ta fi ƙoƙarinki sauri, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ki ga likita a auna miki sukari.