Amsa ga mai tambaya kan rashin buɗe shago na biyu

Ɗan'uwa, ka ce shekara 6 kana sayar da atamfa a Kantin Kwari, sa'o'inka sun buɗe shago biyu-uku, kai kana nan a guda, shin ka gaza ke nan? Ni dai ban ga gazawa ba tukuna.

Fara da ƙirga jarinka da turmi, ba da naira ba. Tun da aka saki farashin naira a 2023, da yawa kuɗinsu ya ninka a littafi, amma kayan da ke kan kanta sun ragu. Idan turamenka sun ƙaru, babu bashin dila a wuyanka, kana fitar da zakka duk shekara, to kana gaba.

Maigidan da na yi wa yaron shago, Allah ya jiƙansa, shago ɗaya ya riƙe har ya rasu. Amma yara 4 ya sallama da jari, ni ne na uku. Azahar na yi, sai ya ja labule ya tafi masallaci, ko da mai saye na tsaye. Lokacin haushi nake ji, wallahi.

Turmi nawa kake da shi bara, nawa ne yanzu?