Ga mai tambaya kan yaran da ke rugawa ƙarƙashin bishiya

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni, don duk wanda ke hawa bishiya da injin yankan itace ya san wannan faɗuwar gaban. Ka ce yara biyu aka haɗa ka da su, ba su taɓa aikin ba, reshe bai gama sauka ba sun ruga su ja, ɗayan kuma da ka juya baya sai ya ɗauki inji, shi ne kake tambaya ko ka sallame su. Ni dai ban ce ka sallame su ba tukuna. Mai zumuɗi yana gyaruwa in ka ba shi wurin tsayawa ɗaya da aiki ɗaya. Tsawa daga sama kuwa ɓata murya ce, ƙarar injin yankan itace ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kunnenka a toshe, nasu ma haka.

Kafin ka ɗaura igiyar hawa, ka zagaye wurin da guntaye za su faɗo da igiya mai launi. In sassabe kake daga sama, iyakar ta wuce bakin rassan da 'yan mitoci, saboda gungume in ya bugi ƙasa yana tsalle, yana kuma mirginawa. In kayar da bishiyar za a yi gaba ɗaya, kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonta. Ka taka iyakar da ƙafa tare da su, kada ka nuna da yatsa kawai.

Sai kira da amsa. Kai ka ce "A kauce!", mutum ɗaya tak da ka zaɓa ya duba, ya ƙirga kawuna, ya ce "An kauce!" Ba ka ji amsa ba, ba ka yanka. Su kuma ba mai tsallake igiyar sai ka sa birkin da ke tsayar da sarƙar injin ko ka kashe injin ka ce "A shiga!" Ka rataya wa kowa usur, busa ɗaya mai tsawo komai ya tsaya. Wanda ya tsallake ba izini, kada ka zage shi. Kashe inji, zauna a igiyarka, aiki ya tsaya cak har ya fita da kansa. Kunyar cewa shi ya tsayar da kowa ta fi zagi shiga jikinsa. In ya maimaita, ya yini a wajen iyaka yana tare masu wucewa. A karo na uku ya tafi gida, a nan kam ba sassauci.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wannan aiki shi ne guntu na biyu. Na farko ya sauka lafiya, yaro ya ga aiki a gabansa, ya ruga ya sunkuya. Idonsa a ƙasa, ƙeyarsa da gadon bayansa a buɗe. Kai kuwa ka riga ka shiga rabin yanka na gaba, ganye ya rufe maka ƙasa, itacen ya fara buɗe baki, ba abin da zai mayar da shi. Ko kuma wani busasshen reshe da ya maƙale tun ɗazu ya zame da kansa. Kana kallo, kana ihu, ba ya jin ka. Allah ya kiyaye. Yaran nan ba su san nauyin ɗanyen itace ba. Gungume mai kaurin santimita 30, tsawon mita ɗaya, yana kai kilo 60 zuwa 70, in kuma ya taso daga mita 10 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 50 a awa. Hular kwano dole ce, amma ƙananan rassa take tarewa, ba wannan ba. Ka yanka irin guntun nan a ƙasa ka sa kowannensu ya ɗaga, sannan ka nuna masa inda zai faɗo.

Igiyar sauke kaya, wato wadda ake sauko da guntaye da ita a hankali, kada ka ba sabon yaro ita a kan babban guntu. Abu na farko da zai yi shi ne naɗe ta a hannu don ya nuna ƙarfi, nauyi ya fizge shi zuwa gindin bishiya ko ya murƙushe masa yatsu. Igiyar ta bi ta ƙarfen rage gudu da aka ɗaure a gindi, kai ne za ka faɗi zagaye nawa za a yi. Zagaye ya yi yawa, guntun ya tsaya farat ɗaya, girgizar ta koma kan reshen da ke riƙe da fuli, wato gargaren da igiyar ke bi ta kansa a sama, wanda dama yana ɗaukar kusan ninki biyu na nauyin, kai kuma kana ɗaure a jikin bishiyar nan. Zagaye ya yi kaɗan, igiya ta ƙone masa tafi ya saki. Ya koyi barinta ta ɗan gudu sannan ya rage a hankali, da ƙananan rassa, da safar hannu, a tsaye a gefe, ƙafarsa nesa da tarin igiyar.

Kuma gaskiya laifin ba na yaran ba ne kacokan. Mai aikin da zai ce "ga yarana za su taya ka" don ya rage kuɗin leburori, sannan ya tsaya yana duba agogo yana cewa a yi sauri, shi ke tura su ƙarƙashin bishiyar. Suna rawar kai ne don ya gan su. In abu ya faru kuwa, shi ne na farkon cewa ai kai ne gwani, kai ya kamata ka hana. Wannan hali yana ƙona min rai. Ka gaya masa tun wajen ciniki cewa a cikin iyaka maganarka kaɗai ake bi, shi ma a waje zai tsaya, in bai yarda ba ka bar masa aikinsa.

Batun inji kuwa, wanda ba a koya wa ba kada ya taɓa shi, ko a ƙasa. Saman kan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa in ya taɓa itace, injin yana zaburowa fuska kafin mutum ya ƙifta, reshen da wani nauyi ya danne kuma yana ɓallewa ya doki ƙafa in an yanke shi ta gefen da bai dace ba. Ka ba mai son injin aikin da ke kusa da shi: zuba mai bayan ya huce, duba ɗaurin sarƙa, ɗaure maka shi a kashe da birki in za a aiko sama. A tayar da shi aƙalla mita 3 daga inda aka zuba mai. In wani na yanka a ƙasa, mai jan rassa ya ba shi mita 5.

In kuna da injin niƙa rassa, a sa gindin reshe a gaba, a tsaya a gefe, ba hannu ba ƙafa a bakinsa, ba riga mai lilo. Ya toshe, a kashe, a zare makulli, a jira ya daina juyawa. Jelar igiyarka ta hawa kada ta kwanta cikin rassan da suke ja, don in ta bi su cikin injin kai za ta fizgo. Ba su jaka su tattara ta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. In ka ji rauni a sama, wa zai sauko da kai? A Ingila ƙa'ida ce a samu wanda ya iya ceto daga sama yana ƙasa da kayan hawansa duk lokacin da mutum ya hau. Yaran nan biyu ba su cike wannan gurbin ba. Ka nemi na uku wanda ya iya hawa, akwatin agajin gaggawa ya kasance a wajen iyaka inda kowa ya sani, kuma ko wayar lantarki ɗaya ce ta ratsa rassan, kada kowa ya kama igiya sai masu wutar sun yanke ta.