Wane riƙon sandar golf ya fi dacewa da ni?

Tambaya: Malam, wata uku ke nan da na fara buga golf a nan Sakkwato. Ƙwallona kullum sai ta karkace dama, tafin hannuna kuma duk ya yi kanta. Yatsuna gajeru ne. Yaya zan riƙe sandar?

Amsa: Malam, kantar nan ta nuna mini kana damƙe sandar a tsakiyar tafi kamar ƙotar fartanya. A gindin yatsu ake kwantar da ita.

Riƙo iri uku ne, kuma ga badame hannun hagu ne a sama. Akwai na ɗorawa, inda ƙaramin yatsan dama ke hawa tsakanin manuni da na tsakiya na hagu. Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6 tsakanin 1896 da 1914, shi ya yaɗa shi, har ake kiransa da sunansa. Ya fi yi wa masu dogayen yatsu daɗi. Akwai na sarƙewa, wato ƙaramin yatsan dama da manunin hagu su shiga juna. Da shi Jack Nicklaus ya ci manyan gasa 18, Tiger Woods 15, kuma shi nake ba ka shawara, domin yana haɗe gajerun yatsu su zama abu ɗaya. Na uku, yatsu goma duk a kan sanda, ya fi taimakon yara da dattawa.

Amma karkacewar ƙwallon, daga hannun hagunka take. Ka tsaya, ka dubi bayan hannun. In ƙullin yatsa ɗaya kake gani, fuskar sandar, wato gefen kanta da ke bugun ƙwallo, za ta iso ƙwallo a buɗe, tana kallon dama, sai ƙwallon ta karkace can. Ka ɗan murza hannun dama-dama har ka ga ƙulli biyu ko uku, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta kalli kafaɗarka ta dama. Kwanakin farko za ka ji baƙunci, ka daure.

Kada ka matse har jijiyoyin damtse su tashi, wuyan hannu zai sandare. Na san zafinmu na Afrilu, da ke haura digiri 40, shi ke sa mutum ya ƙara damƙa saboda zufa. Ka sa safar hannu a hagu, ka rataya tawul a jaka, ka riƙa wanke robar mariƙin da ruwa da sabulu. Don Allah kada ka bar sandunan su yini a but ɗin mota, rana na busar da robar ta yi santsi.