Bayan jarumai, me su Jack Kirby da Steve Ditko suka zana?

Tambaya: Malam, ina bin finafinan Marvel, har na fara karanta tsofaffin littattafan komik a waya. Shin su Jack Kirby da Steve Ditko jarumai kaɗai suka zana duk rayuwarsu, ko suna da ayyukan da ba a cika ambata ba? In akwai, ta ina zan fara?

Amsa: Akwai su jingim, ɗan'uwa, kuma shawarata ka fara da labaran soyayya. Na san za ka yi mamaki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar jarumai ta faɗi a Amurka. Masu zane kuwa shafi-shafi ake biyansu, ranar da ba ka zana ba tukunyarka ba ta hau wuta. Sai Joe Simon da Jack Kirby, waɗanda suka ƙirƙiro Captain America a 1941, suka fito da Young Romance a 1947, mujallar da ta buɗe kasuwar komik na soyayya. Ta samu karɓuwa har sauran kamfanoni suka yi caa a kan salon. Galibi budurwa ce ke ba da labarin da bakinta: ta so wanda bai dace ba, ko talaucin gidansu ya shiga tsakani. Kirby da aka sani da naushin da ke neman fasa shafi, a nan dole ya nuna tashin hankali ta kallo kawai, da yadda mutum ke juya wa ɗan'uwansa baya a ƙaramin ɗaki. An raina waɗannan mujallu kamar yadda wasu ke raina littattafan soyayya na Kano, alhali su suka riƙe sana'ar.

Abin da ya sa na dage a kansu shi ne, daga nan Marvel ta samo ɗanɗanonta. Jarumin da kuɗin haya ke damunsa, yana son yarinya ya kasa furtawa, ai labarin soyayya ne aka sa wa riga. Mai zane John Romita ya yi kusan shekara 8 yana zana soyayya a kamfanin DC kafin ya karɓi zanen Spider-Man daga hannun Ditko a 1966. Dubi fuskar Mary Jane, budurwar Spider-Man, ranar da aka fara nuna ta a fitowa ta 42 ta mujallarsa, za ka gane inda hannun ya koyi aiki.

Kirby ya kuma zana dodanni birjik. Groot da yara ke ƙauna yanzu ya fara fitowa a 1960 ne a matsayin mugun dodon bishiya da ya zo kwashe mutanen wani gari. Akwai ma zanen da ya yi wa wani fim ɗin da ba a kai ga ɗauka ba, wanda hukumar CIA ta fake da shi wajen fitar da Amurkawa 6 daga Tehran a Janairun 1980.

Shi Ditko, da ya bar Marvel a 1966 ya yi labaran ban tsoro a mujallun Creepy da Eerie, inda ya riƙa tsarma tawada da ruwa yana fitar da inuwa kala-kala ta toka. A ganina hannunsa bai taɓa kyau kamar nan ba. A 1967 ya fito da Mr. A, mai farar kwat da fuskar ƙarfe, yana riƙe da kati rabi fari rabi baƙi, wai tsakanin gaskiya da ƙarya babu tsaka-tsaki. Aƙidar marubuciya Ayn Rand ce zalla. Zanen ya yi, amma wa'azin kan yi yawa har rubutu ya danne hoto, don haka kada ka fara da shi.

Ba su kaɗai ba ne: labarin marubuci Jerry Siegel ya fi ban tausayi. Shi da mai zane Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, sun sayar da shi a kan dala 130 a 1938. Daga baya neman na abinci ya kai shi rubuta The Spider wa mujallar Lion ta Ingila, sannan a farkon shekarun 1970 ya rubuta labaran su Donald Duck wa Topolino ta Italiya.

In kana son na soyayyar a wuri ɗaya, kamfanin Fantagraphics ya tattara zaɓaɓɓun labaran Simon da Kirby a littafi guda a 2012.