Kwanciyar Aure da Natsuwar Zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Jidda. Maigidana direba ne, kullum a gajiye yake dawowa, kwanciyar aurenmu ta ja baya, kuma duk mun zama masu saurin fushi. Shin akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Akwai alaƙa, domin a lokacin saduwa jiki yana sakin sinadarin oksitosin, wanda ke ƙara shaƙuwa tsakanin ma'aurata, da endofin, wanda ke rage raɗaɗi da ƙunci, sannan bayan biyan buƙata sinadarin furolaktin yakan hau, barci kuma ya zo da sauƙi. Sai dai a ganina yardar juna ta fi yawan saduwar muhimmanci, don kusantar da aka yi bisa tilas damuwa take ƙarawa. Ki nemi lokacin da ya huta, ko da ranar Juma'a ce, ku tattauna a tsanake. Idan raunin ya daɗe, ya je asibiti a auna masa sukari da hawan jini, domin cututtukan nan biyu, har da wasu magungunan damuwa, suna rage sha'awa da ƙarfin namiji.